Kwana Biyu A Dagona Da Kyamara A Wuya

Daga Wakilinmu

A cikin watan Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, edita ya kira ni ofishinsa ya ce in shirya in tafi Dagona, cikin ƙasar Bade ta Jihar Yobe, in ɗauko wa jaridar nan hotunan tsuntsayen da kan zo can daga Turai kowace shekara. Ya ce yana bukatarsu kafin ran 2 ga Fabrairu, watau ranar da duniya ta keɓe don tunawa da fadamu da dausayi. Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Malam, kuɗin motar nan na zuwa ɗaya ne. In ka komo hannu rabbana, ba ni da abin sake aikenka." Na ce na ji, na karɓi kyamarar ofis, na sa hannu a littafi na fita.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, gabana ya faɗi, domin na taɓa shan kunya a kan irin wannan aiki. Shekarun baya an aike ni Legas ɗaukar hoton wani taro. Na kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, da gari ya waye na fito da kyamara ta yi sanyi ƙalau, na shiga iskar Ikko mai ɗumi da laima. Nan take gilashin ya yi gumi ciki da waje, kamar kofin ruwan ƙanƙara a ranar zafi. Kafin ya washe manyan baƙi sun gama gaisawa sun shige. Tun daga ranar na riƙa ganin laima ita ce abokiyar gabar mai ɗaukar hoto. Amma na kwantar da raina na ce ai Yobe bakin hamada ce, ina laima za ta same ni a can? Ashe da sauran karatu a gabana.

HANYAR NGURU

Mun tashi daga Kano da sassafe, muka ratsa Jihar Jigawa, muka isa Nguru bayan azahar. Nguru tsohon gari ne na fatauci. A nan ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Kano ta tuƙe a 1930, kuma a zamanin da gyaɗa ke da daraja daga nan a kan yi lodinta tare da ƙaro da fatu da busasshen nama zuwa Kudu. Wanda ya tsaya a kasuwa ya kasa kunne zai ji Manganci da Hausa da Fulatanci da Badanci suna gudana tare. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne ruwa. Ga rairayi, ga goruba da kaba ko'ina, amma kana fita gari sai ka ga tafki shimfiɗe, masunta na tuƙa kwalekwale kamar a bakin Kwara.

Wannan ruwa ba na sama ba ne kurum. Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are su ne ke gangarowa daga yamma da kudu, in sun iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai su rarrabu su malale tsakanin tuddan rairayi, kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke tafiya har Tafkin Chadi. Wannan malala ita ake kira dausayin Haɗeja da Nguru. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin da duniya ta amince da muhimmancinsu, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Shi ne wuri na farko da ya sami wannan matsayi a Nijeriya. Tafkin Dagona kuwa ya shiga jerin a 2008.

Daga Nguru muka kama hanyar Gashuwa, muka bar kwalta muka yi kudu ta cikin rairayi. Da la'asar sakaliya muka isa ƙauyen Dagona. Abin da na fara yi shi ne zuwa gaida mai gari, na faɗi sunana da na jaridar da ta aiko ni, na nuna takardar shaida, sa'an nan na je wurin ma'aikatan gandun daji. Ina ba duk mai niyyar zuwa shawara ya bi wannan tsari. Jihar Yobe ta ga tashin hankali a shekarun baya, saboda haka baƙon da ya ɓullo da zungureren gilashi yana auna wurare ba tare da ya yi sallama ba, shi ya ja wa kansa tambaya.

Tafkin Dagona yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1991, shekarar da aka cire Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno. An hana farauta a cikinsa. Sunansa ya kai Turai tun kafin yawancinmu mu ji shi, domin a 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu, ya zo har nan kallon tsuntsaye, lokacin yana shugaban wata babbar ƙungiyar duniya mai kare namun daji. Dattawan ƙauyen har yanzu suna ba da labarin ranar.

RAƁA TA YI MINI SALLAMA

Ma'aikacin gandun da aka haɗa ni da shi ya ce in shirya tun asuba, don tsuntsu ba ya jiran mai barci. Na bar jakar kyamara a mota ta kwana cikin sanyi. Muna idar da salla muka kama hanya a ƙasa, muna ratsa gabaruwa da giyayya, har muka fara jin hayaniya tun ba mu ga ruwan ba. Kai, ban taɓa jin irin wannan kuka ba. Wani na fito, wani na gurnani, wani kamar ana kaɗa ƙwarya. Da muka leƙa ta tsakanin itatuwa sai ga tafkin, tururi na tashi a kansa kamar an sauke tukunya, tsuntsaye kuwa sun rufe ruwan.

Na zaro kyamara da rawar jiki na kai ido, sai na ga fari fat. Abin da ya same ni a Legas shi ne ya biyo ni har bakin hamada. Dalili kuwa ɗaya ne. Ruwan tafki ya kan riƙe ɗumin rana har cikin dare, in asuba ta yi sai ya riƙa fitar da tururi, gilashin da ya kwana cikin sanyi kuwa da ya gamu da wannan tururi sai raɓa ta kwanta masa. Na kama bakin rigata zan goge, ɗan rakiyata ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, kada ka yi. Ƙurar hunturu ta riga ta hau shi. In ka goge da riga, kamar ka goga masa yashi ne."

Ya sa na tura kyamarar cikin rigar sanyina ta ɗauki ɗumin jiki, muka zauna a gindin wata giyayya muna jira. Ina nan zaune ina kallo, garken agwagwa ya tashi gaba ɗaya daidai fitowar rana, ya yi gewaye biyu a kan ruwa ya sauka. Wannan shi ne hoton da edita ke so, ga shi ya wuce ina rungume da kyamara kamar mai goyon jariri. Ɗan rakiyar ya ga ɓacin raina ya yi murmushi ya ce, "Ai gobe ma za su tashi. Su ba su san da edita ba."

Da gilashi ya washe sai wata matsala ta taso. Rana ta ɗaga, hazo ya sauko. Dogon gilashi yana jawo abin da ke nesa, amma yana jawo shi ne tare da duk ƙurar da ke tsakani, sai hoto ya fito toka-toka kamar an wanke shi da ruwan kanwa. Maganin abin shi ne a matsa kusa, tsuntsu kuwa ba ya yarda a matso shi. Farar rigar da na sa ma ta tona mini asiri, ko na yi taku uku sai na ga kirinjijiya sun miƙe wuya sun fara fito.

BAƘI DA 'YAN GARI

Tun da hoto ya ƙi, sai na karɓi madubin hangen nesa na ɗan rakiyata na shiga karatu. Ya nuna mini 'yan gida tukuna: ga dinya mai ƙaya a fiffike, ga kirinjijiya mai farar fuska, ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, ga balbela na bin shanu can gefe. Ya ce a kan ga kwasakwasa da gauraka wani lokaci. Sa'an nan ya nuna mini baƙin. Akwai wata 'yar ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin zane a kan ido kamar an ja masa alli. Ita a Turai da Rasha take yin ƙwai. In sanyi ya matso can sai ta taso, ta ƙetare Bahar Rum, ta ƙetare Sahara, ta sauka a irin waɗannan fadamu wajen watan Oktoba, ba ta komawa sai wajen Maris. Haka kuma wasu 'yan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin taɓo, su ma daga can arewacin duniya suke.

Na tsaya ina tunani. Tsuntsun da bai kai nauyin 'yar shila biyu ba ya yi tafiyar dubban kilomita bisa teku da hamada, abin da ya dogara da shi kurum shi ne zai tarar da ruwa a ƙasar Bade. In ya iso ya tarar babu, ina zai nufa? Shi ya sa masana na Turai suka damu da wannan wuri, har a 1987 aka kafa shirin kula da dausayin Haɗeja da Nguru da haɗin gwiwar ƙungiyoyin waje da na gida. A lokacin sanyi a kan yi ƙidayar tsuntsayen ruwa a nan, kamar yadda ake yi a ƙasashe da yawa.

TSOHON MASUNCI

Da hantsi muka bar gandun muka zaga wani mashigin ruwa da ke wajen iyaka, inda mutanen ƙauye ke su. A nan na tarar da wani dattijo zaune a inuwa yana ɗinkin koma. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ko za ka yarda in ɗauki hotonka?"

Bai ɗaga kai ba ya ce, "Ɗana, tsuntsayen sun ƙare ne?"

Na ce ba su ƙare ba, ni ne dai na kasa. Ya yi dariya, sa'an nan ya ajiye komar ya ce, "Tun ina da ƙarfina nake ganin irinku. Turawa sun zo, 'yan boko sun zo, kowa ya ɗauki tsuntsu ya tafi. Ba na ƙin tsuntsu, halittar Allah ne, tare muka tashi. Amma ban taɓa ganin wanda ya ce bari in ɗauki abin da ya hana mu barci ba. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Kai gobe ka tafi, mu muna nan."

Na ce, "Baba, mene ne ya hana ku barci?"

Ya miƙe ya ce in biyo shi. Muka shiga kwalekwalensa, ya yi tuƙi kaɗan, sai muka ci karo da bango. Ba na ƙasa ba ne, na ciyawa ne, doguwa wadda ta fi mutum tsayi, mai kai kamar zangarniyar gero, ta tsaya cunkus daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ya nuna ta da sandar tuƙi ya ce, "Ga ta nan, kacala. Nan da kake gani hanya ce. Ta nan muke bi mu kai kifi kasuwa. Can baya kuma gonar shinkafar mahaifina ce. Yanzu ko akuya ba ta ratsawa. In mun yi gayya mun sare, kafin shekara ta kewayo ta komo. A cikinta jan baki ke kwana, da safe ya fito ya sauka a kan gero da shinkafa. To, wannan za ka ɗauka, in kai ɗan jarida ne."

Ban sami abin cewa ba. Na ɗaga kyamara, wannan karon gilashi garau, na ɗauke shi tsaye a ƙarshen kwalekwale, sanda a hannu, kacala ta yi masa rumfa.

INDA KACALA TA SAMO ƘARFI

Mai karatu zai so ya san yadda ciyawa ta ci hanyar ruwa. A da, kogunan nan suna da lokaci. Da damina su cika su malale, da rani su janye ƙasa ta bushe. Manomi ya shuka shinkafa a kan malala, in ruwa ya ja baya ya bi danshin da wake ko alkama ko kayan lambu, masunci ya kama kifin da ya hayayyafa a cikin malalar, Bafillace kuma ya sauko da shanu su ci ciyawar da ta tsiro. Ƙasa ɗaya tana ciyar da sana'a uku bi da bi, tsuntsu na huɗunsu.

Sai aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka kuma gama ta Challawa a 1992. Ba mai musun amfaninsu, domin da su birnin Kano ke shan ruwa, da su ake noman rani a Kadawa da Kura. Amma sun sauya halin Kogin Haɗeja. Malalar damina ta ragu, sa'an nan ruwan da ake saki da rani ya sa wasu wurare ba sa bushewa ko kaɗan. Kacala kuwa ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Da ta kafu sai ta tare yashi da taɓo, hanya ta toshe, ruwa ya karkata inda ba a bukatarsa. Shi ya sa za ka ga wani ƙauye na kukan ambaliya, maƙwabcinsa na kukan ƙishirwa, duk a kan kogi ɗaya. Ga kuma farin 1973 da na 1984 da suka riga suka raunana ƙasar.

Akwai wata magana kuma da ba a cika faɗa wa baƙo ba sai ya zauna. In rani ya tsananta, ruwan da ya rage a gandun shi makiyayi ke hange, shi masunci ke hange, doka kuwa ta ce na tsuntsu ne. Ma'aikacin gandu yana da gaskiyarsa, mai shanu yana da tasa. Abin da na fahimta shi ne, in ruwa ya wadata a waje, rigimar cikin gandu ta kan yi sauƙi. Watau gyaran hanyoyin ruwa shi ne taimakon tsuntsun da na mutumin baki ɗaya.

ASUBA TA BIYU

Daren nan na kwana da jakar kyamara a ɗaki kusa da shimfiɗata. Na ari wata tsohuwar riga mai ruwan ƙasa. Muka isa bakin tafki tun da sauran duhu, muka zaɓi wurin da rana za ta fito ta bayanmu, na durƙusa bayan wani kututture na ɗora gilashin a kansa don kada hannu ya yi rawa. Na saita kyamara ta riƙa ƙiftawa cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, don in ba haka ba fiffiken tsuntsu mai tashi ba ya fita sosai. Muka yi shiru kusan sa'a guda, sanyi na ratsa ƙashi. Ɗan rakiyata ya hana a yi jifa ko tafi don a tayar da su, ya ce tsuntsun da ya ƙetare hamada tattalin ƙarfinsa yake yi na komawa, duk tashin banza hasara ce gare shi.

Can sai rana ta ɓullo, garken ya tashi don kansa. Alhamdu lillahi, wannan karon ban makara ba.

Ga wanda ke da niyyar zuwa da kyamara, ko da ta wayar hannu ce, ga abin da na koyo. Ya zo tsakanin Disamba da Fabrairu. Kada ya bar kyamara ta kwana a wurin da ya fi waje sanyi, ko mota ce ko ɗaki mai na'urar sanyi, in kuwa ta yi gumi ya ba ta lokaci ta washe da kanta. Ya hure ƙura tukuna kafin ya goge, ya kuma goge da ƙyalle mai laushi. Kada ya sauya gilashi a fili cikin iskar hunturu. Ya zuba 'yan ƙunshin nan masu shan danshi, irin na cikin kwalin sabon takalmi, a jakarsa, don laimar da ta daɗe cikin gilashi ita ke haifar da fumfuna. Ya yi guzurin batir, don caji ba ya samuwa ko'ina. Abu na ƙarshe, kada ya auna kowa da kyamara sai ya yi sallama ya nemi izini, balle matan aure da 'yan mata masu ɗiban ruwa.

Muka biya ta Gashuwa, mazaunin Mai Bade, inda aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013. Na tsaya a kan gada na dubi Komadugu Yobe na gangarawa gabas, na sayi bandar kifi na tsaraba, muka juyo.

Da na komo ofis na shimfiɗa wa edita hotunan a kwamfuta. Ya yaba da na agwagwa, ya ce kuɗin mota bai faɗi a banza ba. Da ya iso kan na dattijon sai ya yi shiru, ya tambaye ni wannan fa. Na kwashe labari na gaya masa. Ya ce a sa na tsuntsayen a ciki, wannan kuwa a kai shi sama. Shi ne wanda mai karatu ke gani a kan wannan shafi.

Muna kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da Gwamnatocin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe, da su dubi wannan hoto da idon basira. Sakin ruwa daga madatsu bisa lokacin da ya dace da manomi da masunci na ƙasa, da yashe hanyoyin da kacala ta toshe a kai a kai, ba abin da ya fi ƙarfin hukuma ba ne in an haɗa kai. Na yi wa Baba alkawarin zan wanke hoton in aika masa ta hannun direban da ya kai mu, na kuwa aika. Ya ce in gaya wa manya ba sadaka suke roƙo ba, hanyar ruwansu suke so a buɗe. To, ga shi na faɗa. Allah Ya sa a ji, amin.